Sushi: Yadda ake cin ɗanyen kifi a gidajen abincin Japan

A ƙasar Hausa, idan aka ce mutum ya ci kifin da bai ga wuta ba, sai a ɗauka ko ba ya cikin hayyacinsa. A Japan kuwa, akwai gidajen abincin da sai mutum ya yi makonni yana jiran gurbi kafin ya samu wannan dama.

Abincin dai shi ne sushi, kuma duk da cewa ya shahara da ɗanyen kifi, asalin sunan ya danganci shinkafar ce, wadda ake dafawa a gauraya ta da ruwan khal da gishiri, galibi har da sukari.

Daga ajiya zuwa ƙasaita

Masuncin da ya kama kifi a kogin Mariga da ke yankin Birnin Gwari, yakan yi bandarsa ne domin kada ya lalace. Wannan buƙata ce ta haifar da sushi.

Mutanen da can sukan cusa wa kifi gishiri, su binne shi a cikin dafaffiyar shinkafa na tsawon watanni har ya yi tsami, sannan su zubar da shinkafar su ci kifin. Har yanzu ana yin irin wannan a kewayen tafkin Biwa.

Samfurin da duniya ta fi sani a yau, wato nigiri, ya ɓulla ne a shekarun 1820 a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokyo. Ana danganta shi da wani mai sayar da abinci, Hanaya Yohei. Loma ce ta shinkafa da ake dunƙulawa da hannu, a ɗora mata yankan kifi.

A wancan zamani babu firji, don haka sai an jiƙa kifin a ruwan khal ko a baƙin romon waken soya, ko kuma a ɗan dafa shi. Gidajen gargajiya ba su watsar da waɗannan dabaru ba.

Baƙo ba ya zaɓe

Gidan sushi na gargajiya yawanci ɗan ƙarami ne. Baƙi na zama a jere gaban wata kanta ta katako, mai haɗa abincin kuma yana tsaye a ɗaya ɓangaren, yana yanka yana dunƙulawa a kan idonsu.

A manyan gidajen ba a cika miƙa takardar jerin abinci ba. Tsarin da ake bi shi ne omakase, ma'ana "na bar maka zaɓi". Mai gidan ne ke yanke shawara, gwargwadon kifin da ya samo a kasuwa a ranar da kuma abin da ke yayi a lokacin.

Yakan fara da kifi mai sauƙin ɗanɗano, ya tafi zuwa mai maiƙo kamar tumbin kifin tuna, sannan ya rufe da wainar ƙwai mai zaƙi.

Ana son baƙo ya ci kowace loma da zarar an ajiye ta, kuma a baki ɗaya, tun shinkafar na da ɗan ɗumi. Ci da hannu ba laifi ba ne. Idan za a tsoma a romon waken soya, ɓangaren kifin ake tsomawa, domin shinkafar za ta wargaje.

Yankakkiyar cittar da ake ajiyewa a gefe ta wanke baki ce tsakanin loma da loma. Ba a son zuwa da turare mai ƙarfi, kuma ba a ba da tukwici.

Ɗaya daga cikin gidajen da suka fi suna shi ne Sukiyabashi Jiro na Jiro Ono, a unguwar Ginza ta Tokyo, mai kujeru goma kacal. A can ne Firayim Ministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya karɓi baƙuncin Shugaba Barack Obama na Amurka a watan Afrilun 2014.

Tsadar abincin kuwa daga kasuwa take farawa. A gwanjon sabuwar shekara na 2019 a kasuwar Toyosu, wadda ta maye gurbin ta Tsukiji a 2018, ɗan kasuwa Kiyoshi Kimura ya sayi kifin tuna guda mai nauyin kilo 278 a kan yen miliyan 333 da dubu 600, kimanin dala miliyan uku ke nan.

Masu ƙaramin ƙarfi na zuwa ne gidajen da faranti ke zagayawa a kan bel, dabarar da Yoshiaki Shiraishi ya ƙirƙiro a yankin Osaka a 1958.

Abin lura ga Musulmi

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta fi rinjaye a arewacin Nijeriya, halittun ruwa halal ne kuma ba sa buƙatar yanka. Hanafiyya kuwa ta taƙaita halaccin ga kifi kaɗai.

Sai dai ba a kifin damuwar take ba, a kayan haɗin take. Romon da masu gidajen gargajiya ke shafawa a kan loma yawanci ana dafa shi ne da giyar shinkafa da ake kira sake, ko kuma mirin, wata giyar girki mai zaƙi. Akan sa su a wainar ƙwan ma.

Shi kansa romon waken soya na ɗauke da ɗan abin da ba a rasa ba na sinadarin barasa, wanda ke samuwa yayin tsimawa, ko da yake akwai kamfanonin Japan da ke yin mai shaidar halal.

Saboda mai gidan yakan haɗa waɗannan abubuwa tun kafin baƙi su iso, lokacin neman gurbi ne ya dace mutum ya bayyana abin da ba ya ci.

Ba kowane kifi ba

Ɗanyen kifin teku na iya ɗauke da wata tsutsa mai suna anisakis, wadda ke haddasa matsanancin ciwon ciki da amai. Ruwan khal da gishiri ba sa kashe ta. Wuta ce ke kashe ta, ko sanyi mai tsanani.

Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta tanadi a daskarar da kifin da za a ci ɗanye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla sa'o'i 24. Likitoci kuma kan shawarci mata masu juna biyu da masu raunin garkuwar jiki da su kauce masa.

Kifin kogi da na tafki ya fi haɗari, shi ya sa ko a Japan ba a cika cin sa ɗanye ba. Tarwaɗa da karfasan da ake kamawa a koguna da madatsun ruwan arewacin Nijeriya, maganinsu shi ne tukunya ko kaskon suya.