Daga Kaset Zuwa Waya: Da Me Mawaƙi Yake Ci?

Uwargida, idan kin aiki yaro da katin wayarki aka cika miki shi da waƙoƙi, kuɗin da kika biya na mai turawa ne shi kaɗai. Ko sisi ba ya isa hannun mawaƙin. To da me yake ci?

Rigimar daga Amurka ta faro. A 1999 wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning ya ƙirƙiro Napster, wata hanyar musayar waƙa kyauta ta intanet. Kamfanonin waƙa suka kai ƙara kotu, aka rufe ta a 2001. Amma fa wanda ya ɗanɗana kyauta, da wuya ya koma sayen faifai.

Da suka ga ƙara ba ta yi magani ba, sai suka sake dabara. A 2003 kamfanin Apple ya fara sayar da waƙa ɗaiɗai a kan senti 99, kamar yadda kike ƙulla gishiri ƙulli-ƙulli saboda wanda ba zai iya sayen mudu ba. A 2008 kuma Spotify ya fito daga ƙasar Suwidin da tsarin haya. Wato ba ki mallaki waƙar ba, sai dai ki biya kuɗin wata, ko ki saurara kyauta ana katse ki da talla, a raba kuɗin gwargwadon yawan sauraro. Wannan ne ya farfaɗo da kamfanonin. Shi kuwa mawaƙi, abin da ake biya a kan sauraro ɗaya yawanci bai kai senti guda ba, a ciki ma kamfaninsa zai cire nasa. A ganina an yi wa ƙaramin mawaƙi rabon kura.

Nan gida Nijeriya, Boomplay ya fara a 2015, Spotify bai iso ba sai 2021. Mawaƙanmu na Hausa da dama suna sa waƙoƙinsu a YouTube, su ɗan samu daga talla. Sai dai sauraro ta intanet na cin kuɗin data, shi ya sa har yanzu tura wa juna ya fi mana sauƙi. Don haka da yawansu suka koma ga abin da aka sani tun zamanin marigayiya Barmani Choge, wato wasa a gidan biki, a yi musu liƙi. Ga kuma waƙar amarya da ango da ake biya tun kafin a shiga situdiyo, da ta 'yan siyasa idan zaɓe ya ƙarato.