Faraima Ko Cikakken Fenti? Amsa Ga Mai Fijo 504 Na Kwarbai

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda 'yan uwa da data ba ta bari su saurara ba.

Tambayar yau daga cikin birnin Zariya ta fito, unguwar Kwarbai, can wajen Ƙofar Fada. Wani matashi ne ya gaji Peugeot 504 ta mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Fijon ta yi shekaru a ajiye a ƙofar gida, shi kuma ya ɗaura niyyar tayar da ita. Bakanike ya tashi inji, fanel bita ya buge duk inda ya lotse, mai fenti ya fesa mata faraima mai launin toka. Daga nan sai aljihu ya ce a dakata. Da ya fito da ita haka, sai abokai suka hau yabo, wai ta yi kama da motocin da ake gani a Instagram. Shi ne yake tambaya: ya bar ta haka ya huta, ko ya daure ya nemo kuɗin cikakken fenti?

Ɗan'uwa, amsar a taƙaice ita ce kada ka bari damina ta same ka da faraima tsirara. Amma tunda batun kuɗi ne, kuma batun motar gado ce, bari mu warware maganar dalla-dalla.

Da farko, fentin mota hawa-hawa ne

Idan ka kalli sabuwar mota kana ganin launi ɗaya, amma abin da ke jikin ƙarfen ya kai hawa huɗu ko biyar. A masana'anta ana wanke ƙarfe, a jiƙa shi da wani sinadari da ke sa fenti ya kama. Sai a tsoma gangar jikin motar gaba ɗaya cikin kwatarnin fenti a sakar masa lantarki, ya shiga kowane saƙo da lungu. Wannan shi ne babban maganin tsatsa. A kansa ake fesa faraima, sai launi, sai kuma kiliya, wato wannan ruwan mai haske kamar gilashi da ke sa mota sheƙi. Duk kaurinsu a haɗe bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da ɗan ɗori ba, kusan kaurin silin gashi.

Kowane hawa da aikinsa. Faraima aikinta biyu: ta kama ƙarfe ko bodi-fila a ƙasa, ta kuma cike ƙananan ramuka da sawun samfefa don launi ya samu shimfiɗa mai laushi. Launi ado ne. Kiliya ce mai gadi, ita ke tare rana da ruwa da kashin tsuntsu, domin a cikinta ake zuba sinadaran da ke shanye zafin hasken rana mai cin fenti.

Kai da kake Kwarbai ba sai an kai ka nesa ba. Dubi tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni. Magina sun san cewa yaɓe kaɗai ba ya riƙe damina, shi ya sa suke bin bango da makuba, soro kuma da laso. Yaɓe shi ne faraimarka. Wanda ya yi yaɓe ya ce ya gama gini, watan Agusta zai ba shi amsa.

Faraima ba iri ɗaya ba ce

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don duk toka-toka suke a ido.

Akwai wadda aka fi samu a garejinmu, mai kauri, wadda ake fesawa don a goge da samfefa. An cika ta da gari mai laushi irin na hoda domin ta yi sauƙin guga. To wannan garin shi ne matsalar. Yana sa jikinta ya zama mai ƙofofi da ido ba ya gani, tana shan danshi kamar sabuwar tukunyar ƙasa. Ruwa ya ratsa ya isa ƙarfe, tsatsa ta fara aiki daga ciki, kai kuwa kana ganin toka lafiya lau a waje. Idan akwai bodi-fila a ƙasa, shi ma yana shan ruwa, ya kumbura, ya tsage.

Akwai kuma ifoksi, wadda ake haɗa ruwa biyu kafin a fesa. Ita kam tana toshe ƙarfe sosai, ruwa ba ya ratsa ta da sauƙi. Rauninta rana ce. Idan ta daɗe a fili sai samanta ya fara zama gari, ka shafa hannu ka ga fari kamar alli.

Ka ga ke nan ɗaya ruwa ne maƙiyinta, ɗaya kuma rana. Mu kuwa a Zariya Allah ya hore mana duka biyun. Ruwan da ke sauka a shekara yana kai milimita 1,000 ko ya ɗara, kuma kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba yake zuba. Da ya ɗauke sai hunturu da ƙura, sai zafin Maris da Afrilu. Yawancin gidajen cikin birni kuma lungu ne da zaure, babu inda mota za ta shiga, a ƙofar gida take kwana, raɓa tana sauka a kanta.

Abu na farko da za ka yi gobe: koma wajen mai fentinka ka ce, "Maigida, wace faraima aka sa mini, kuma me ke ƙarƙashinta?" Ka roƙi ya nuna maka gwangwanin. Ba rashin kunya ba ne, motarka ce.

To ina aka samo yayin launin toka?

Abokanka ba su yi ƙarya ba, akwai wannan yayin. Asalinsa Amurka ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samari musamman a Kalifoniya sun riƙa sayen tsofaffin motocin Ford suna ƙara musu ƙarfin inji. Kuɗinsu duk ya tafi a inji, sai su riƙa yawo da faraima kafin a samu na fenti. A hankali abin da rashi ya haifar ya koma ado, har wasu suka riƙa barin motarsu haka da gangan.

Amma ka lura da abu biyu. Kudancin Kalifoniya wuri ne mai ƙarancin ruwan sama, kuma masu irin waɗannan motoci a yau galibi a gareji suke kulle su, sai ranar nuni a fito da su. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci: yawancin motocin da kake gani a waya masu launin toka ko baƙi marar sheƙi, cikakken fenti ne a jikinsu. Launi ne aka fesa, aka rufe da kiliya marar sheƙi, ko kuma leda ce ta musamman aka manna. Suna kama da faraima a ido, amma kariyarsu cikakkiya ce, kuma sau da yawa sun fi fenti mai sheƙi tsada.

Gaskiyar da ke ɓangaren faraima

Kada a ce mun yi son kai. Barin mota a faraima na ɗan lokaci yana da amfaninsa. Idan ba ka gama aikin jiki ba, misali za ka canza ƙofa ko za a yi walda a ƙasa, ɓarnar kuɗi ne ka yi fenti yanzu. Sannan a lungunan birni, inda ɗan acaɓa da mai A Daidaita da mai kura ke gogar juna, faraima idan ta ƙarce gyaranta minti kaɗan ne. Kuma bodi-fila da faraima mai kauri sukan ɗan janye bayan sun bushe, don haka ba su 'yan kwanaki kafin launi yana hana sawun samfefa fitowa daga baya.

Sai dai duk wannan magana ce ta kwanaki ko 'yan makonni, a inuwa, cikin rani. Idan ta koma shekara, lissafin ya juye. Faraimar da ta sha ruwa da hayaƙi da man hannu da man goge taya ba a fesa launi a kanta haka nan. Idan aka yi, fentin zai fito da ƙuraje, ko ƙananan ramuka kamar idon kifi, ko ya ɓare bayan 'yan watanni. Dole a sake gogewa, wani lokaci har ƙarfe. A aikin fenti kuwa wahalar da kuɗin hannun sun fi yawa a shiri: bugu, ciko, guga. Ka riga ka biya wannan. Idan ka bar shi ya lalace, sau biyu za ka biya abu ɗaya. Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Hanyoyi huɗu da ke gabanka

Ta farko, launi da kiliya. Ita ce ta fi sheƙi, ta fi daɗewa, ta kuma fi tsada.

Ta biyu, fenti mai hadina wanda launi da sheƙi ke haɗe a ruwa ɗaya. Ya fi sauƙin kuɗi, yana da ƙarko, kuma ya dace da tsohuwar mota mai launi ɗaya kamar fari ko ruwan madara. Idan ya dushe ana goge shi ya dawo. Ga Fijo irin taka, ni wannan zan zaɓa.

Ta uku, idan tokar nan ta shiga ranka, ka ce a yi maka launin toka a rufe da kiliya marar sheƙi. Amma ka sani ba a goge ta da inji, idan aka goge wurin zai yi ƙyalli ya bambanta da sauran jiki. Idan ta ƙarce sai dai a sake fesa ɓangaren gaba ɗaya.

Ta huɗu, idan da gaske babu kuɗi yanzu, a goge abin da ke kai, a rufe da ifoksi, ka nema mata rumfa, ka sa wa kanka wa'adi kafin ruwan farko. Kada ka lulluɓe ta da leda ko tamfol a jiƙe, danshin da ke taruwa a ciki ya fi ruwan sama ɓarna.

Kowace ka zaɓa, ka duba wuraren da tsatsa ke ɓuya: ƙasan ƙofofi, bakin taya, gindin gilashi, ƙasan but. Fenti a kan tsatsa kyan ɗan maciji ne.

Abubuwa uku kafin a ɗaga bindigar feshi

Lokaci. Kada ka kai mota saura kwana uku sallah kana cewa a yi sauri za ka fita kallon hawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A tsakiyar damina danshi kan sa fenti ya yi hazo, a tsakiyar hunturu ƙura ke manne masa. Idan da hali a fesa a rufaffen ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

Takardu. Launin mota yana rubuce a takardunta. Idan takarda ta ce fari kai kuma kana yawo da toka, ka ba jami'an hanya dalilin tsayar da kai. In za ka canza launi, ka je ofishin lasisi a gyara. Kuma ka guji koren sojoji, doka ta hana fentin motar farar hula da shi a Najeriya.

Lafiya. Hadinar da ake zubawa a irin wannan fenti tana da sinadari mai illa ga huhu, yana jawo asma. Ƙyallen da yaran gareji ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Kada ka tsaya kusa kana ɗaukar bidiyo, kuma in kana da faɗa a ji wajen maigidan, ka tuna masa ya nema wa yaransa abin rufe fuska na gaske.

Ɗan'uwa, motar da ke hannunka ba ƙaramin abu ba ce. A Kakuri ta Kaduna kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a 1975, kuma 504 ta yi wa gidajen Arewa hidima shekara da shekaru, ta kai amarya, ta kai mai naƙuda asibiti, ta rako alhazai. Inji ana iya saukewa a sa wani. Gangar jiki kuwa idan tsatsa ta cinye ta, ta tafi ke nan. Ka tara kuɗin a hankali, ko da za ka haƙura da sababbin ƙafafu da kayan sauti zuwa baɗi.

Masu fenti da fanel bita da ke bin wannan shafi, ku faɗa mana: wace faraima kuke sa wa tsohon ƙarfe, kuma kwana nawa kuke bari kafin launi? Mai 504, in an gama a turo mana hoto daga Ƙofar Fada.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.