Tsohon Sojan Kudu a Finafinan Kaboyi

Wanda ya saba kallon finafinan kaboyi ya fi tuna doki da malafa da ƙarar bindiga. Ba kasafai ake lura cewa da yawa daga jaruman nan tsofaffin sojoji ba ne, kuma sau da yawa daga ɓangaren da ya sha kashi suka fito.

Yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, ya ci rayukan sama da mutum 600,000. Jihohin Kudu ne suka ɓalle don su ci gaba da riƙe bayi, Arewa ta murƙushe su. Da ƙura ta lafa, mutane suka yi ta kwarara yamma neman ƙasar noma da kiwo.

A The Searchers na John Ford (1956), John Wayne ya fito a matsayin Ethan Edwards. Sai a 1868 ya iso gidan ɗan'uwansa a Texas, shekara uku bayan an gama yaƙi, sanye da rigarsa ta sojan Kudu, ga takobi, ga sababbin tsabobin zinariya da babu wanda ya san inda ya samo. Aka nemi ya yi rantsuwar shiga dakarun jiha, ya ƙi, don tuni ya rantse wa Kudu. Da mayaƙan ƙabilar Comanche suka sace 'yar ɗan'uwansa, ya share shekaru yana nemanta, daga baya ma da niyyar kashe ta saboda ta zama matar ɗayansu. Ford bai wanke shi ba, a ganina nan darajar fim ɗin take.

The Outlaw Josey Wales (1976) kuwa tausayi yake jawo wa jaruminsa. Clint Eastwood ya fito a matsayin manomin Missouri da 'yan ta-kifen Arewa suka kashe wa mata da ɗa. Fim ne mai daɗin kallo, sai dai kusan babu zancen bauta a ciki. Marubucin littafin da aka ɗauko labarin, Asa Earl Carter, tsohon jigo ne a ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan, ya ɓuya da sunan Forrest Carter.

To, ina bayi wajen miliyan 4 da suka sami 'yanci? Yawancin finafinan sun kau da kai. A 1972 Sidney Poitier ya ba da umarnin Buck and the Preacher, ya kuma fito a ciki tare da Harry Belafonte, yana jan ayarin 'yantattun bayi zuwa yamma, 'yan bindigar da masu gonakin Louisiana suka yi haya na biye da su don tilasta musu komawa aikin gona.