Yadda Ake Sake Wa Wuƙar Aljihu Ƙota

Wuƙar aljihu ita ce wadda ake naɗewa, bakinta ya shige cikin ƙotarta. Manomi yana yankan igiya da ita, makiyayi yana fiƙe sanda, mai rake yana fere rakensa. Sau da yawa ƙarfen wuƙar yana nan garau, amma ƙotar roba ta tsage ko ta ɓalle. Daga nan sai a jefar da ita a sayi wata. Wani kuma sai ya ɗaure ta da waya ya ci gaba da aiki, har ranar da za ta kuɓuce ta datse masa yatsa. Alhali kuwa mutum yana iya yi mata sabuwar ƙota da hannunsa, a gida.

Idan aka duba da kyau, za a ga ƙotar yawancin irin wannan wuƙa ɓari biyu ce, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kamar bangon littafi. A tsakaninsu akwai siraran ƙarafa biyu da sifirin da ke riƙe bakin wuƙar. Ƙananan ƙusoshi ko sukurori su ne suka haɗa su. Ɓarin nan biyu kawai za a sake. Sauran kayan ciki ba a taɓa su.

A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutane masu yin wannan aiki don sha'awa kawai, bayan sun tashi daga aikinsu. Mutum zai sayi sabuwar wuƙa fil, ya cire ƙotar da ta zo da ita, ya sassaƙa tasa yadda ransa yake so. Wasu har tsohon wando suke yayyankawa, su jera tsummokin, su manne su da gam mai ƙarfi, su danne. In ya bushe sai ya zama kamar katako. Su kan nemi kayan aiki da kuɗi mai yawa, kayan da mutumin karkara yake tsallakewa a bayan gidansa.

Ga misali. Akwai wata shahararriyar wuƙa ta Amurka mai suna Buck 110, wadda ta fito a 1964. Baƙin itacen da ake yi mata ƙota da shi ɗan'uwan kanya ne. To, kanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ga kuma ƙirya, wadda ake turmi da ita saboda taurinta. Ga marke, ga maɗaci, ga tsamiya. Ba a bukatar sare itace don wannan aiki. Guntun tsohon turmi ko karyayyiyar taɓarya ya isa ƙota goma, kuma ya fi sabon itace kyau, domin ya riga ya bushe sarai.

Maganar bushewa babba ce. Ɗanyen itace yana tsukewa in ya sha iska. Wanda ya yi ƙota da shi da damina, kafin hunturu ya wuce zai ga ta tsage ko ta saki ƙusa. Aikin ya zama na banza ke nan.

Ana kuma yi da ƙahon saniya. Yana da kyan gani ƙwarai in an goge shi, amma yana da gardama. Sai an tsaga shi, an dafa shi ya yi laushi, sannan a danne shi tsakanin katako biyu da dutse mai nauyi har ya huce. Duk da haka yakan so komawa lanƙwasarsa ta da. Mai koyo gara ya fara da itace.

Kafin a fara komai, a buɗe wuƙar a naɗe bakinta da tsumma mai kauri, a ɗaure tam. Sannan a cire tsohuwar ƙotar. In sukurori ne, a kwance su a ajiye cikin murfin gwangwani, don ƙanana ne, in sun faɗa ƙasa sun ɓace. In ƙusoshi ne da aka dakan kansu, a bar su inda suke, a ɓamɓare robar a hankali daga jikinsu. Kada a jefar da tsohon ɓarin ko da ya fashe, domin da shi za a yi awo.

A yanko falle biyu na itace da zarto, kaurinsu ya ɗan fi na tsohon. Fuskar da za ta kwanta a jikin ƙarfe ita za a fara gyarawa. A shimfiɗa sandfefa a kan gilashi ko daɓen siminti mai laushi, a riƙa goga itacen a kai har ya kwanta lif, babu rami babu tudu. In ba a yi haka ba, ƙasa da ruwa za su riƙa shiga, ƙarfen ya yi tsatsa.

Nan ne wurin da masu koyo suka fi kuskure. Suna ɗokin ganin siffa, sai su sassaƙa ƙotar tukuna, daga baya su zo huji. Huji shi ne na farko. A ɗora tsohon ɓarin a kan sabon itacen, a sa alamar ramukan da fensir, a huda daidai wurin. In an samu mahujin kafinta ya fi. In babu, siririyar ƙusa da aka gasa a wuta tana yi. A gwada a jikin wuƙar. In ramukan sun hau ƙusoshin ba tare da tilas ba, sai a zana siffar, a yanke da ɗan rara a gefe. Rarar nan magagari zai cinye ta daga baya. Abin da aka rage ba ya dawowa.

Wajen mannawa, gam mai bututu biyu wanda ake gaurayawa, irin su Araldite, shi ya fi riƙo. A goge ƙarfen ya fita daga maiƙo, a shafa gam kaɗan. Kada ya taɓa sifirin ko ƙusar da bakin wuƙar yake juyawa a kanta, in ba haka ba wuƙar za ta ƙage, ba buɗewa ba rufewa. A ɗaure da robar tayar keke, a bar ta ta kwana.

Washegari sai a bi gefen da magagari har itacen ya yi daidai da ƙarfe, a kashe kusurwoyin don kada su ci hannu. A riƙa damƙa ana ji, hannu ne zai faɗi inda ya rage. A rufe hanci da ƙyalle lokacin guga, musamman in ƙaho ne, don ƙurarsa ba ta da kyau ga ƙirji. Daga ƙarshe a goge da sandfefa mai laushi, a shafa man kaɗanya ko kakin zuma, a murje da tsumma.

Sai a kwance tsumman bakin, a naɗe wuƙar a hankali, yatsu nesa da hanyarta. In tsininta ya shige ciki duka, kuma tana buɗewa ba ta gogar itace, ta isa sawa a aljihu. In hunturu ya shigo a ƙara mata mai.