Ganin Likita Daga Nesa a Makarantun Karkara: Bayani Kan Hanyoyin Samun Tallafi

Gabatarwa

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin jama'ar Ƙaramar Hukumar Baure da sauran yankunan Masarautar Daura, musamman iyayen yara, da shugabannin makarantu, da dagatai da masu unguwanni, da kansiloli, da ma'aikatan sashen lafiya da na ilimi. Manufarmu ita ce a fahimci yadda ɗakin ganin likita daga nesa yake aiki a cikin makaranta, da wuraren da kuɗin kafa shi kan fito, da kuma nauyin da ke kan al'umma bayan kuɗin tallafi ya ƙare.

Mene ne ganin likita daga nesa?

Hanya ce da likita yake duba mara lafiya ta wayar tafi-da-gidanka ko kwamfuta mai haɗe da intanet, alhali yana zaune a babban asibiti, kamar na Baure ko Daura ko Katsina. A ɗakin makaranta akwai ma'aikacin lafiya wanda zai auna zafin jikin yaro da nauyinsa, ya yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya ɗauki hoton ƙurji ko idon da ke ciwo, sannan ya nuna wa likita. Likita zai yi tambayoyi, ya faɗi maganin da za a bayar, ko ya ba da umarnin a kai yaron asibiti.

Wannan tsari ya dace da cututtuka irin su makero, da ƙazuwa, da ciwon ido da na kunne, da bibiyar masu sikila ko farfaɗiya. Amma yaron da ya suma, ko wuyansa ya sanƙare, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya karye, ba a tsayawa jiran waya, asibiti za a nufa da shi nan take.

Me ya sa aka zaɓi makaranta?

A ƙidayar 2006 mutanen Baure sun kai wajen 200,000, kuma mafi yawansu suna zaune ne a ƙauyuka da rugage har zuwa bakin iyakar Jamhuriyar Nijar. Kai yaro wajen likita yana cin kuɗin mota da yinin aiki guda, ga wahalar hanya da damina. Makaranta kuwa ita ce wurin da ɗaruruwan yara suke taruwa kowace safiya, kuma malami yakan riga kowa lura da yaron da ba ya ganin allo ko wanda ke yawan fashi saboda zazzaɓi.

Har ila yau, Baure na cikin ƙananan hukumomin da aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina a Najeriya, tsakanin 2013 da 2014. Wannan rabo na yara ne 'yan wata 3 zuwa wata 59, saboda haka 'yan makaranta ba sa cikinsa. Haka kuma annobar mashaƙo ta 2023, wadda ta taɓa Kano da Yobe da Katsina, ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 15.

Ina kuɗin yake fitowa?

Kuɗin irin wannan aiki ba daga aljihu ɗaya yake fitowa ba. Kowace hanya tana da abin da doka ta yarda ta biya:

1. Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ce ta kafa shi, inda ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma an fara rabonsa a 2019. Dokar ta ware kashi 50 ga inshorar lafiya, kashi 45 ga magunguna da gyaran asibitoci da horar da ma'aikata, kashi 5 ga taimakon gaggawa. Wani ɓangare na kuɗin yana shiga asusun bankin asibitin mazaɓa kai tsaye, bisa manufar samar da asibiti guda mai aiki a kowace mazaɓa. Jihar Katsina tana da mazaɓu 361.

2. Tallafin ilimin bai-ɗaya. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya ga ilimin firamare da ƙaramar sakandare, kuma jiha ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa. Ta hannun hukumar SUBEB ake kashe shi a kan gine-gine da kayan makaranta.

3. Asusun USPF na faɗaɗa sadarwa zuwa karkara, wanda Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanada. Ya daɗe yana sanya wa makarantu da asibitoci kwamfutoci da intanet da wutar sola.

4. Shirye-shiryen ƙungiyoyin duniya. Misali shi ne shirin AGILE na ilimin 'ya'ya mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, Katsina tana cikin jihohi 7 na farko. Ta wannan shiri an ba kwamitocin makarantun sakandare kuɗi kai tsaye domin gyaran ajujuwa da samar da ruwa da makewayi.

Abin lura a nan shi ne, kuɗin lafiya asibitin mazaɓa ake ba, kuɗin ilimi kuma ba ya sayen magani ko biyan likita. Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ita ce a kafa ɗakin makaranta a matsayin reshen asibitin mazaɓa: makaranta ta ba da ɗaki da tsaro, asibiti ya ba da ma'aikaci da magani da rajista.

Darasi daga abin da ya gabata

A 2007 Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya suka fara gwajin duba marasa lafiya daga nesa, inda aka haɗa asibitocin koyarwa na Ibadan da Maiduguri da wasu cibiyoyin lafiya na Tarayya, cikinsu har da na Birnin Kebbi da Gombe. An dogara ne da tauraron ɗan Adam na NigComSat-1, wanda aka harba a watan Mayun 2007. A watan Nuwamban 2008 wutar tauraron ta lalace ya daina aiki, kuma sai a watan Disamban 2011 aka harba madadinsa. Idan babban aiki irin wannan ya gamu da cikas saboda wuta da sadarwa, to ƙaramin ɗaki a ƙauye ya fi buƙatar tanadi.

Mafi yawan tallafi na kafawa ne. Yana sayen faifan sola da batir da kwamfuta sau ɗaya. Kuɗin data na kowane wata, da sauya batir, da sayen kayan gwaji, da man babur na ma'aikaci, suna nan bayan masu tallafi sun tafi. Kowa ya san ɗakunan kwamfuta da aka buɗe da biki, yau suna kulle ƙura ta rufe su.

Matakan neman tallafi

1. Kwamitin Gudanar da Makaranta da Kwamitin Raya Mazaɓa su zauna tare, a gaban dagaci, su rubuta yarjejeniya kan abin da kowane ɓangare zai ɗauka.

2. A tattara adadin ɗalibai maza da mata, da cututtukan da suka fi hana su zuwa aji, da nisan asibiti mafi kusa.

3. A gwada ƙarfin layin waya a cikin ɗakin da kansa, safe da rana, domin a wasu ƙauyukan bakin iyaka waya takan kama layin Nijar. A kuma tanadi yadda za a aika hoto da saƙon murya idan bidiyo ya ƙi.

4. A samu amincewar asibitin da likitansa zai riƙa amsa kira, a rubuce, tare da ranaku da sa'o'i.

5. A yi kasafi iri biyu: na kafawa, da na tafiyar da ɗakin har shekara 3, tare da sunan ofishin da zai biya kowane abu.

6. A miƙa takarda ta hannun Sakataren Ilimi da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, domin ta isa hukumomin jiha.

Muna jan hankalin jama'a da kada su ba kowa kuɗin fom ko na "jawo tallafi". Duk wanda ya zo da irin wannan magana, a sanar da hakimi da ofishin ƙaramar hukuma.

Haƙƙin iyaye

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta neman izinin uba ko uwa ko mariƙi kafin a tattara bayanan yaro. Don haka ba za a ɗauki hoton ɗalibi ko a aika labarin ciwonsa ba sai da yardarsu. Ya kamata mace ce za ta duba 'yan mata, a ɗaki mai labule, kuma a ajiye rajistar marasa lafiya a hannun ma'aikacin lafiya kaɗai. Haka nan iyaye suna da ikon ganin lissafin kuɗin da ya shigo da yadda aka kashe shi, a liƙe a allon sanarwa na makaranta.

Kammalawa

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Al'ummar da ta zo da ɗaki, da ma'aikaci, da lissafin abin da za ta iya ɗauka, ita ce masu tallafi suka fi saurara, kuma ita ce ɗakinta zai ci gaba da aiki bayan shekarun tallafi sun wuce. Muna kira ga iyayen ƙasa da malaman addini da su ja gaba wajen wannan shawara a mazaɓunsu. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi sashen lafiya ko ofishin ilimi a sakatariyar ƙaramar hukumarsa.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.