Ɗanye ko Dafaffe: Wane Hoto Ya Kamata Ɗan Koyo Ya Fara da Shi?

Duk wanda ya sayi kyamarar zamani ya fara lalube a cikin saitunanta, ba zai jima ba zai ci karo da zaɓin da mai shago bai yi masa bayaninsa ba: RAW ko JPEG. In ya tambayi na gaba da shi a sana'a, amsar da ya fi samu ita ce ai ƙwararru RAW suke ɗauka, shi ma ya bi sahu. A ganina wannan shawara ta fi wahalar da ɗan koyo fiye da yadda take amfanarsa. Abin da ya fi masa shi ne ya fara da JPEG har idonsa ya san haske, ya tanadi RAW domin inda haske ya yi gardama, ko inda abin da ake ɗauka ba zai maimaitu ba. Kafin a kai ga hujja, sai an san abin da ke faruwa a cikin kyamara daga lokacin da yatsa ya danna.

A bayan gilashin kyamara akwai ɗan faranti mai miliyoyin ƙananan idanu masu auna haske. Idanun nan ba su san launi ba, yawan haske kawai suke ƙirgawa. Shi ya sa a yawancin kyamarori aka lulluɓe su da wata matata mai launi uku, wadda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistar mallakarta a 1976: rabin idanun kore suke gani, kwata ja, kwata shuɗi. Abin da farantin ya tara kafin a sarrafa shi, shi ne RAW, kuma ma'anar kalmar ke nan, ɗanye. Gero ne a buhu, mai shi ya ga dama ya yi fura, ya ga dama ya dama kunu. JPEG kuwa, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, tuwo ne da kyamara ta tuƙa da kanta. Ita ta haɗa launukan, ita ta yanke hukunci a kan abin da za a kira fari, ta ƙara kaifi, sannan ta yanka hoton gida-gida, ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, ta zubar da abin da take jin ido ba zai lura da rashinsa ba. Daga nan babu komawa gero.

Alƙaluma suna goyon bayan masu RAW, kuma bai kamata a ɓoye haka ba. JPEG matakai 256 yake da su tsakanin duhu da haske a kowane launi, shi kuwa RAW 4,096 ne ko 16,384, gwargwadon kyamarar. A ƙasar Hausa wannan tazara tana bayyana a wurin da kowane mai ɗaukar hoton biki ya sani: baƙin mutum cikin farar shadda a tsakiyar rana. In kyamara ta auna hasken fuska, rigar ta ƙone ta zama fari fat, aikin da maɗinki ya yi makonni yana yi a wuyanta ya ɓace. In ta auna rigar, fuskar ta nutse a duhu. A RAW sau da yawa ana iya ɗago fuskar a kuma dawo da zaren ɗinkin, a JPEG kuwa da zarar an matsa wa gyara sai launi ya fara tsattsagewa. Haka nan a zauren biki, inda fitila ja da shuɗiya da rawaya suke dukan amarya lokaci guda, daidaita fari a RAW ya fi sauƙi kuma hoton ba ya rasa komai.

To me ya sa ɗan koyo ba zai fara da shi ba? Saboda RAW alkawarin aiki ne da za a yi daga baya. Hoton da ake gani a bayan kyamara bayan an ɗauka, JPEG ne ƙarami da kyamarar ta cusa a cikin fayil ɗin. Shi ya sa ɗan koyo kan buɗe RAW a kwamfuta ya ga hoto ya yi dishi-dishi, ya ɗauka kyamarar ce ta lalace. Sai ya zauna ya gyara kowanne ɗaya bayan ɗaya, da manhajar da bai iya ba tukuna. Lightroom kuɗin haya ake biya mata, kodayake akwai na kyauta irin su darktable da RawTherapee da waɗanda Canon da Nikon suke bayarwa. Fayil ɗin RAW yakan ninka JPEG girma sau biyu ko fiye, yana cika kati da wuri, yana son kwamfuta mai ƙarfi da wutar da za ta zauna, abin da ba kowa ne ke da tabbacinsa ba. Ga kuma dangin amarya suna jiran hotuna a WhatsApp kafin a watse, manhajar da ita ma za ta sake matse su.

Hujja mafi ƙarfi a ɗaya ɓangaren ita ce ɗan koyo ya fi kowa kuskure, don haka ya fi kowa buƙatar abin da zai cece shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma sai a duba irin kuskuren. Yawancin hotunan ɗan koyo suna lalacewa ne don hannu ya girgiza, ko kyamara ta kama bango ta bar fuska, ko an yanke ƙafar mutum, ko an danna bayan murmushi ya wuce. RAW ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ko farin da ya ƙone ƙurmus ba ya dawo da shi. Abin da yake yafewa, wato ɗan kuskuren haske da launi, shi ne ainihin darasin da ake son ɗan koyo ya koya a wurin ɗauka. JPEG malami ne mai bulala, yana nuna maka kuskurenka nan take, ka gyara saiti ka sake. Wanda ya saba da cewa zai gyara a kwamfuta, yana iya shekara biyu da kyamara bai san inda ya kamata ya tsayar da mutum dangane da rana ba.

Ita kuwa maganar cewa RAW ne alamar ƙwarewa, manyan gidajen sana'ar ma ba su yi ittifaƙi a kai ba. A Nuwamban 2015 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya umarci masu aiko masa da hoto a kan kwantiragi su daina turo waɗanda aka sarrafa daga RAW, su turo JPEG da ɗan gyara kaɗan, saboda sauri da kuma rage ƙofar yi wa hoto kwaskwarima. A shekarar ce kuma gasar World Press Photo, wadda ke neman ainihin fayil don ta gwada shi da hoton da aka gabatar, ta cire kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagaye na kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce gona da iri. Kowanne ya zaɓi abin da aikinsa yake so. Akwai ma wani abin lura: kowane kamfani da irin nasa RAW, Canon CR3, Nikon NEF, Sony ARW, abin da ya sa Adobe ta fito da DNG a 2004 don a samu na bai ɗaya, alhali JPEG babu wayar da ba ta buɗe shi.

Masu cewa a ɗauki duka biyun a tare, tunda kusan kowace kyamara tana ba da dama, sun yi gaskiya a ranar ɗaurin aure ko Hawan Daushe, inda babu wanda zai ce wa sarki ya koma ya sake wucewa. A sauran ranakun koyo, tara fayilolin da ba za a taɓa buɗewa ba ne kawai.

Saboda haka, mai karatu, in yanzu ka fara, sa kyamararka a JPEG mafi inganci, kunna alamar da ke walƙiya idan fari ya ƙone, kuma kada ka riƙa gyara a kan ainihin hoton, yi a kan kwafi, domin ingancin JPEG yana raguwa duk lokacin da aka gyara aka sake ajiye shi. Ranar da aka kira ka biki kuma ka ga ango cikin farar shadda, ka kunna RAW tare da JPEG.