Ciyawa Ma Cefane Take Jira

Uwargida ba ta zuba wa miya abin da maigida bai kawo ba. In cefanen ranar kuka ce da gishiri, to kuka da gishiri za a sha, komai iya girkinta. Haka ciyawa take da ƙasar da ta tsiro a kai. Saiwa ba ta ƙirƙirar komai, abin da ta tarar a ƙasa shi take zuƙowa ta kai wa ganye. Shi ya sa gambar da ta fito a jigawa da wadda ta fito a tsohon makwancin shanu, inda taki ya kwanta shekara da shekaru, suna ɗaya gare su, kama ɗaya, amma abin da saniya za ta samu a cikinsu ba ɗaya ba ne.

Babban abin da cefanen ƙasarmu ya rasa shi ne sinadarin fosforas, wanda ke haɗuwa da kalsiyam su gina ƙashi. Yawancin ƙasar da muke noma da kiwo a kai tana da ƙarancinsa, kuma dabba ce ke fara tona asirin. Za ka ga saniya ta bar ciyawa ta nufi juji, ta ɗauki tsohon ƙashi tana ta gurgura, yawu na zuba. Mutane su ce kwaɗayi ne ko mugun hali. Yunwa ce, irin wadda cika ciki ba ya maganinta. Bayan haka sai nono ya ragu, ɗaukar ciki ya yi jinkiri, tafiya ta koma ɗingishi. A Afirka ta Kudu, wajen 1920, likitan dabbobi Arnold Theiler ya gano cewa wata cuta da ke shanye ƙafafun shanu ta kashe su daga nan take farawa: rashin fosforas ke tura su cin ƙashin mushe, a can kuma suke kwaso guba. Da aka riƙa ba su garin ƙashi mai tsabta, sai gurgurar ta ragu, mutuwar ma ta ragu.

Sai kuma maganar lokaci, wadda a ganina ita muka fi sakaci da ita. Kowa ya san abin da ake yi in baƙi suka yi sallama bayan an sauke tukunya: a ƙara ruwa. Miya ta cika kwano, kowa ya samu, amma naman bai ƙaru ba. Ciyawar farkon damina, mai laushi, miya ce mai kauri. Tana tsawo tana ƙara kara, sinadarin da ta ɗebo yana rarrabuwa cikin jiki mai yawa. In ta fidda kai, sai ta kwashe mafi kyawun abin da ya rage, kyasuwa ta tura shi cikin iri, gamba ta mayar da shi gindi ta ajiye don baɗi. Abin da ke tsaye a daji lokacin hunturu, wanda ake yanka a ɗaure dami-dami a kai kasuwa, yawancinsa tsiraran kara ne. Ido ba mudu ba ne ya san kima, in ji masu magana, amma a nan ido ruɗuwa yake yi, don girman dami yake aunawa. Mai shuka ciyawar kiwo da ke watsa yuriya kaɗai, shi ma ƙarin ruwa yake yi: ciyawa ta yi kore shar ta yi tsawo, fosforas kuwa sai an sa takin sufa ko na gargajiya.

Fadama ma ba a yi mata shaidar alheri ido rufe. Inda ruwa ke kwanciya, ciyawa kan kwashi wani sinadari, molibdinam, fiye da kima, shi kuma ya hana jikin dabba amfana da sinadarin tagulla. Kamar kanwa ce ta zarce a miya ta danne sauran kayan. Alamarsa zawo da koɗewar gashi, baƙar saniya ta koma ja-ja.

Gishiri kuwa, makiyaya sun riga masana saninsa. Yawancin ciyayin ƙasashe masu zafi ba su da shi sosai, shi ya sa ake jiƙa wa shanu kanwa, shi ya sa kuma Fulani da Buzaye ke kora garke zuwa Ingal a jihar Agadas kowane ƙarshen damina, dabbobi su sha ruwan gishiri su lashi ƙasa. Sai dai kanwa ba ta da fosforas ɗin da zai tsayar da gurgurar ƙashi. Wannan aikin dusa ne, ita ke da shi da yawa, harawar wake da ta gyaɗa kuma su kawo kalsiyam.

Don haka mai ajiye ciyawar rani ya yanka tun kafin ta fidda kai, ya shanya ta a inuwa. In kuma ka ga saniyarka da ƙashi a baki, ajiye sanda ka auno mata dusa.